Haɗin "garkuwar jiki" da na saya wa Gwaggo, da abin da na gani a shagon

Wata bakwai kenan ina ɗauke da wannan maganar a raina, yau dai na ce bari in rubuta ta, saboda jiya da la'asar na wuce ta gaban shagon nan na ga wata baiwar Allah ta fito da irin ledar da na taɓa fitowa da ita, kwalba biyu da roba ɗaya a ciki, tana tsayar da a daidaita sahu, wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ba zan faɗi sunan shagon ba, ba kuma zan faɗi layin ba. Irin shagunan nan ne na maganin Musulunci da na gargajiya da suka cika garin nan, daga Kurmi zuwa Kabuga zuwa Hotoro ba unguwar da za ka rasa su. Kuma bari in fara da alherinsu don kar in ci haƙƙin kowa. Shagon tsaf yake, an share an goge, fanka na kaɗawa, kana shiga ƙamshin kanumfari da turaren wuta zai tarbe ka. Zumarsu mai kyau ce, na daɗe ban sha irinta ba, ba irin wadda ake dafa suga a zuba a gora ba. Man habbatus sauda ɗinsu a rufe yake da hatimin kamfani. Garin zogalensu kore shar, da gani a inuwa aka shanya shi ba a rana ba. Yaron shagon akwai ladabi, yana karɓar POS da tiransifa, har risit ya rubuta min. Shi kuma Malam mai shagon ya zaunar da ni a kujera, ya sa aka kawo min ruwa, ya saurare ni kusan minti arba'in ba tare da ya kalli agogo ba. Duk wanda ya taɓa kwana bin layin kati a asibiti ya san darajar wannan, kuma ina ganin shi ne babban abin da ke jan mutane wajensu tun kafin a zo maganar magani.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina firamare, sunan mahaifinta aka sa min shi ya sa ba ta kiran sunana sai dai ta ce Babana. Ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ta ɓoye wata da watanni saboda kunya, sai da matata ta lura tana yawan dafe wajen sannan maganar ta fito. Muka je asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji, sakamako ya fito aka ce daji ne. A lokacin ƙullutun bai fi ƙwallon dabino ba. Likita ya ce za a fara da kemo, wato maganin daji na asibiti da ake ɗura wa mutum ta jijiya, sannan a yi aiki. Muna fitowa ta riƙe hannuna ta ce "Babana, kar ka bari su yanka ni, daji ba ya son ƙarfe, kowa ya sani." Kafin dare maƙwabta sun cika gidan, kowa da labarin wadda aka yi wa aiki ta rasu, can wata ta turo muryar WhatsApp ta wani da yake rantsuwa wai 'yarsa ta warke tas da haɗin wannan shagon. Ni malamin makaranta ne, ilimin halittu ma nake koyarwa a sakandare, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari na tafi.

Toh ga abin da aka ba ni. Kwalba ɗaya ta baƙin ruwa mai kauri, a sha rabin kofin shayi safe da dare. Roba ɗaya ta gari ruwan ɗorawa, a zuba cokali a kunu. Sai ƙaramar kwalbar mai ta shafawa a wajen. Naira 45,000 na wata ɗaya. Takardar da aka manna a jikin babbar kwalbar ta jero cututtuka: daji, suga, hawan jini, olsa, sanyi, ciwon hanta, a ƙasa da manyan baƙi an rubuta "yana ƙara garkuwar jiki". Babu ranar da aka haɗa, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, babu sunan abin da ke ciki balle yawansa. Na tambaya, Malam ya lissafo min da baki, habba, kurkum, zogale, tafarnuwa, citta, sai wasu sassaƙe da saiwoyi da ya ce sirrin gidansu ne. Ya ɗauko waya ya nuna min hoton wani bincike na Turanci, ga ƙwayoyin daji a faranti kafin a zuba sinadarin kurkum, ga su bayan an zuba sun mutu. Ya ce "Malam kai mai ilimi ne, ka ga Turawan da kansu sun tabbatar." Sannan ya faɗi maganar da ta fi komai tsada a cikin cinikin nan, ya ce kar a haɗa da kemo domin kemo yana kashe garkuwar jiki, a ba haɗin wata uku tukunna a ga ikon Allah.

Sati biyun farko gaskiya mun ji daɗi. Ta fara cin abinci, tana barci, fuskarta ta washe, har ta koma zuwa islamiyyarta. Ni yanzu na fahimci rabin wannan sauƙin na kwanciyar hankali ne, an ce mata ba za a yanka ta ba. Baƙin ruwan ɗaci gare shi kamar maɗaci, tana sha tana runtse ido tana cewa magani ai sai da ɗaci. A wata na biyu ƙullutun ya kai lemon tsami. Na koma na faɗa wa Malam, ya ce alhamdulillahi maganin ne yake tattaro cutar waje ɗaya kafin ya narkar da ita, ya ƙara mana wani garin. A wata na uku kaluluwa ta fito a hammata. A na huɗu fatar wajen ta canja ta yi ramuka ramuka kamar ɓawon lemo, hannun ya fara nauyi, ranar da matata ta kira ni gefe ta gaya min abin da ta gani lokacin da take shafa mata man, ban yi barci ba, da asuba na nemo mota muka koma asibiti.

Likitan bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya duba tsohon hoton ya duba sabo ya yi shiru, ya ce "Mama, me kika sha a tsakani?" Gwajin hanta ya nuna ta ɗan taɓu, sai da aka jira sati biyu ta daidaita kafin a fara kemo. Na tambaye shi ko haɗin ne ya jawo, ya ce ba zai iya rantsuwa ba tunda shi ma bai san abin da ke cikin kwalbar ba, ni ma da na saya ban sani ba. Wata huɗu, naira dubu ɗari da tamanin da 'yan kai, cutar kuma ta tashi daga nono ta shiga hammata.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayanin shi ne abin da na gano a ɗakin kemo. Cikin magungunan da aka rubuta mata akwai wani mai suna paclitaxel, mai haɗa magani na asibitin yana ganin ina jujjuya kwalin ya ce min "ka san wannan daga ɓawon bishiya aka samo shi?" Na zaci wasa yake. Na koma gida na zauna karatu dare da dare, ashe gaskiya ne. Wata bishiya ce a dazukan yammacin Amurka da suke kira yew, a 1962 aka sassaƙo ɓawonta cikin wani gagarumin aiki da cibiyar binciken daji ta Amurka ta yi na gwada tsirrai, inda a cikin kusan shekara 20 aka gwada samfura sama da 100,000. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka tace sinadarin suka bayyana siffarsa a 1971, amma ba a amince a fara ba marasa lafiya shi a matsayin magani ba sai 1992. Shekara 30 daga sassaƙe zuwa allura. Kuma a cikin dubban tsirran nan da aka gwada, waɗanda suka kai ga zama magani ba su cika yatsun hannu ba, sauran duk sun faɗi a hanya, wasu sun kashe daji a faranti amma a jikin dabba ba su yi komai ba, wasu sun yi aiki amma gubarsu ta fi amfaninsu.

Wanda ya fi ba ni mamaki ma shi ne wata fulawa da muke gani kullum. Ƙaramar fulawar nan mai ganye kore mai sheƙi, furenta ruwan hoda ko fari mai kunne biyar, da ake shukawa a gaban ofisoshi da makarantu, akwai ta a bakin ofishin shugaban makarantarmu, ko fari ake yi ba ta mutuwa. Asalinta daga Madagaska take. A wasu ƙasashe ana dafa ganyenta a sha don ciwon suga, sai wasu masana a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka ce bari su gwada a kan ɓeraye. Sugan bai sauka ba, amma suka ga fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen sun zube warwas. Daga nan tunani ya zo cewa abin da ke hana waɗannan ƙwayoyin hayayyafa zai iya hana dajin jini, a 1958 suka fitar da vinblastine, bayansa aka samu ɗan'uwansa vincristine wanda har yau da shi ake yi wa yara masu dajin jini magani, da masu dajin nan da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu. Ku duba fa, masu gargajiya sun yi daidai da suka ce akwai ƙarfi a ganyen, amma ƙarfin ba na cutar da suke zato ba ne, kuma abin da ya fara yi shi ne karya garkuwar jiki. Sinadarin da ke cikin ganyen kaɗan ne ƙwarai, sai an tara ganye tuli kafin a samu ɗan abin da za a yi allura, don haka wanda ya tsinko ya dafa ba zai samu maganin daji ba sai dai ya wahalar da cikinsa.

Kenan rabon da Malam ya yi min, wai ga na Bature mai guba ga na itace mai albarka, ba haka abin yake ba. Ruwan da ke ɗiga a jijiyar Gwaggo shi ma ɗan itace ne. Bambancin shi ne wannan an san sunansa, an auna nauyinta da tsawonta an lissafa adadin da za a ba ta, an san illarsa tun kafin ta zo, ana ɗibar jininta kafin kowane zagaye.

Hoton nan da ya nuna min a waya ma ba ƙarya ba ne, shi ya sa ya kama ni. Sinadarin kurkum, curcumin, yana kashe ƙwayoyin daji a faranti a ɗakin gwaji, an rubuta takardu barkatai a kai. Matsalar ita ce in mutum ya ci shi, hanji ba ya tsotsar sa sai ɗan kaɗan, wanda ya shiga ma hanta ta yi maza ta sarrafa shi ta fitar, ba ya kai wa ƙullutun da yawan da aka zuba a faranti. Kuma faranti ba mutum ba ne, ko ruwan bilic ka zuba a faranti ƙwayoyin daji za su mutu. An kuma samu mutane a ƙasashen waje da ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi suka taɓa musu hanta. Kurkum a miya ko a shinkafa lafiya lau ne, muna ci.

Habbatus sauda kuwa ina so in yi magana a kanta da ladabi, domin hadisinta ingantacce ne yana cikin Bukhari da Muslim, waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, na yi imani da shi kuma har yau akwai ta a gidana. Masana sun ware wani sinadari a cikinta, thymoquinone, ana ta gwada shi a faranti da jikin ɓeraye ana ganin abubuwa masu ƙarfafa gwiwa. Amma hadisin bai ce a bar likita ba, bai ce a zuba ta a kwalba da saiwoyin da ba a san su ba a ce wa mai daji ta jira wata uku ba. Annabin da ya faɗi wannan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda aka jingina haja da hadisi har mutum ya ji in ya yi tambaya kamar imaninsa ne ya yi rauni.

Sai maganar "ƙara garkuwar jiki", kalmar da yanzu ko mai shayi yana faɗa. Garkuwar jiki ba tankin ruwa ba ce da za a ce an ƙara ta cika. Runduna ce ta ƙwayoyi iri iri, kowanne da aikinsa, kuma dabarar daji ita ce ɓuya, daga jikin mutum ya fito shi ya sa sojojin suke wuce shi ba su gane shi ba, har ma yana taka musu birki. Masanan da suka gano yadda ake sakin wannan birkin, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun samu kyautar Nobel a 2018, kuma magungunan da aka yi daga aikinsu ba na kowane daji ba ne, in suka wuce gona da iri ma garkuwar takan juyo ta afka wa hanji ko huhun mai ita. Malam ya yi gaskiya da ya ce kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini, na gani da idona, akwai zagayen da aka ɗaga mana da sati guda saboda jininta ya yi ƙasa. Amma suna farfaɗowa, kuma a takarda ake ganin lambar. Shi nasa haɗin da me aka auna garkuwar da ya ce ta ƙaru?

Ko abin da ke da amfani a abinci in aka tattara shi aka yi ƙwaya yana iya juyewa. A Finlan an ba maza masu shan taba wajen 29,000 ƙwayoyi, wasu aka ba su sinadarin nan da ke sa karas launinsa da zaton zai kare su daga dajin huhu, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga dajin ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Wani binciken kuma na jami'ar Yale da ya fito a 2018 ya bi masu daji da suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a dajin nono kuwa ya haura sau biyar. Ranar da na karanta wannan ina zaune ne a kan benci a bakin ɗakin kemo, Gwaggo na ciki.

Ba wai ina raina itatuwanmu ba ne, ko kaɗan. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wata ciyawa dangin tazargade wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ta fitar da shi, ta hanyar bin tsofaffin littattafan gargajiyarsu, ta samu Nobel a 2015. A nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na masu sikila, mai masoro da kanumfari da karan dafi a ciki, ta gwada shi a kan marasa lafiya ya zama Niprisan. Abin da nake fata kenan ga masu irin wannan shagon, in Malam ya yarda da saiwoyinsa to ga Jami'ar Bayero nan a hancinsa, ga masana haɗa magunguna, ya kai a duba. Wa ya sani ko akwai wani abu a ciki. Amma a gwada a ɗakin gwaji, ba a jikin gwaggon wani ba.

Wani abu kuma da ban sani ba sai daga baya, ko lambar NAFDAC ka gani a jikin maganin gargajiya, irin wadda ke ƙarewa da harafin L, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Ma'anarta an duba an ga ba shi da guba a fili, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. To ina ga wanda ko wannan ba shi da ita.

Na koma shagon bayan an fara kemo, ba da faɗa ba. Na nuna wa Malam hotunan biyu, na farko da na biyu. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce kowa da jininsa wani ya karɓa wani bai karɓa ba. Na ce "Malam, ni ba kuɗina na zo karɓa ba, alfarma ɗaya nake roƙo, duk wanda ya zo maka da takardar asibiti ta daji kar ka ce masa ya jira, ka sayar masa da zuma ka ce ya koma wajen likita." Ya ce in sha Allahu. Ya kuma ɗauko kwalbar zuma ya ce in kai mata kyauta, na karɓa. Ban ɗauke shi mugu ba har yanzu, ina jin ya yarda da abin da yake sayarwa, sai dai kwalaben suna nan a kan kanta inda na same su, takardar jikinsu ba ta canja ba.

Don haka in zuma kake nema ko man zaitun ko zogale ko kayan shayi, shagon ya yi, zan iya tura ka. Haɗin daji kuwa ban yarda kowa nawa ya saya ba, kuma wanda yake kan kemo ko shayin ganye zai sha ya fara nuna wa likitansa, akwai ganyayen da ke rage ƙarfin maganin a jini.

Gwaggo ta gama zagaye shida, an yi aikin da take tsoro, ƙarfen bai haukata komai ba. Gashinta ya zube tun a zagaye na biyu, ranar ta kira matata ta aske sauran ta ɗaura ɗankwali ba ta yi kuka ba, yanzu ya fara tsirowa fari fat mai laushi kamar na jariri. Tafin ƙafarta yana mata jimi da tsikari, likita ya ce aikin maganin bishiyar nan ne kuma yakan ragu a hankali. Saboda abin ya riga ya shiga hammata an ce sai an gasa mata wajen da hasken na'ura, wato radiotherapy, muna jiran a ba mu rana, ana maganar Zariya ko Abuja. Da safen nan na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana shan kunun gyaɗa da zumar nan, ta ce "Babana, ka tambayo min ko a can ɗin za su bar ni in tafi da butata."